Yadda Ake Gyara Tsohon Bidiyo Ya Yi Kyan Gani A Babban Tibi Na 4K

Bara bayan ƙaramar sallah Yayanmu ya sayo wa Hajiyarmu filasma inci 55 mai 4K daga wani shago kusa da Terminus a nan Jos, muka kawo shi gida Anguwan Rogo aka liƙa a bango, kowa na murna. Abu na farko da Hajiya ta ce a sa mata ba fim bane ba kuma labarai bane, faifan walimar saukar Alƙur'anin ƙanwarmu ne, wanda marigayi Babanmu yake ciki yana ta addu'a. Muka sa. Wallahi minti biyu ba a yi ba ta ce "ku kashe min, wannan tibin ya ɓata fuskar babanku." Kuma gaskiya ta faɗa, fuskar ta zama dabbare-dabbare, idonsa baya fita, gemunsa kamar an shafa masa toka, ga shi an ja shi ya yi faɗi kamar ba shi ba. Faifan nan kuwa shekara da shekaru muna kallonsa a tsohon tibinmu mai ƙusumbi inci 21 bamu taɓa ganin aibunsa ba.

Abin ya tsaya min a rai sosai. Na kwashe kusan sati biyu ina taɓa nan ina taɓa can har hoton ya dawo yadda zata iya zama ta kalla hankali kwance. To abin da na koya ne zan jero maka, don nasan gidaje da yawa a Jos ɗin nan haka take faruwa, mutum ya kashe kuɗi masu ciwo ya ɗauka an sayar masa da jabu ne alhali tibin lafiyarsa lau.

Fara gane abin da ke faruwa tukun

Duk hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera, wanda ake ce wa fiksel. Faifan VCD irin namu na nan Najeriya ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, duka-duka 101,376. DVD kuma 720 da 576, wato 414,720. Abin da ake kira 720p shine 1280 da 720, 1080p kuma 1920 da 1080, miliyan biyu da 'yan kai. Shi kuwa 4K 3840 ne da 2160, ɗigo 8,294,400. Kuma shi filasma bashi da dabarar rage yawan ɗigonsa, a gine suke cikin gilashin, duk abin da ka bashi dole sai ya miƙe shi ya cika wurin.

Yanzu yi lissafi da kanka. In ka bashi 1080p, kowane ɗigo ɗaya zai zama huɗu cif, wannan ba wani aiki bane shi yasa yake fita tas. In ka bashi DVD ya cika fuskar duka, ɗigo ɗaya sai ya zama 20. VCD kuwa ɗaya sai ya zama sama da 80. Kaga kenan a cikin ɗigo 80 da kake kallo, guda ɗaya ne kawai kyamara ta ɗauka ranar walimar, sauran duk tibin ne ya duba maƙwabta ya yi hasashe ya cike. Kamar ka ɗauki hoton fasfo ka kai a buga maka shi girman fosta ta siyasa, mai bugawa ba zai iya ƙirƙiro gashin ido da babu shi a hoton ba.

Akwai kuma wani abu, lokacin da aka matse bidiyon don ya shiga faifai an yanka shi ne gida-gida, kowane gida ɗigo 8 da 8. A ƙaramin tibi baka ganin gidajen. A inci 55, wanda tsayin fuskarsa wajen santimita 68 ne, kowane gida na VCD yana kai kusan santimita 2, faɗin babban yatsanka kenan. Su ne murabba'an nan da kake gani suna rawa a fuska ko a cikin duhu. Tsohon mai ƙusumbi shi da hasken lantarki yake zana layi-layi, gefen komai a tausashe yake fita, sai ya rufa wa faifan asiri. Sabon kuwa baya ɓoye komai, duk abin da ke ciki sai ya tona.

Saboda haka kar ka sa rai VCD zai koma 4K, babu wannan. Abin da ake nema shine a daina ƙara masa lalacewa a hanya, kuma zaka yi mamakin yawan lalacewar da ke zuwa daga waya da saiti, ba daga faifan ba.

Mataki na farko: gano me kake ba tibin

Kafin ka taɓa komai, danna maɓallin Info a rimot ɗin tibi lokacin da abin ke tafiya, mafi yawansu zasu nuna maka a saman fuska ko 576i ne, wato girman hoton DVD, ko 720p ko 1080i ke shigowa. In fayil ne a waya ko kwamfuta duba bayanan fayil ɗin zaka ga lambobin. Amma ka kula, lambar da tibin ke nunawa ita ce wadda dikoda ko na'urar faifai ta turo masa, ba lallai ita ce ta asalin bidiyon ba. Dikoda zata iya rubuta 1080i alhali tashar da kake kallo daga can gidansu ƙaramin hoto suke watsawa, ita ce ta miƙe shi kafin ya iso. Shi yasa zaka ga tashar ƙwallo tana fita kamar ka taɓa ciyawa, ka koma tashar gaba ka ga kamar an yi hazo, a dikoda ɗaya, waya ɗaya.

Kuma in ana ruwan saman nan namu na Agusta hoton dish ya fara farfashewa yana tsayawa, wannan ba maganar yawan ɗigo bace, siginar ce ruwa ya tare, sai dai a jira ko a gyara saitin dish ɗin in ya goce.

Mataki na biyu: wayar da ta haɗa su

Nan ne rabin matsalar gidanmu take. Leƙa bayan tibin. In ka ga waya mai kai uku, rawaya da ja da fari, to ka kama ɓarawon. Ja da fari na sauti ne, rawayar nan ita kaɗai ke ɗauke da hoton gaba ɗaya, haske da kala duk a cakuɗe a waya guda, kuma ko dikodarka HD ce in dai ta rawaya ka bi ba zaka taɓa wuce 576i ba. Ita ke sa ka ga jan kaya yana zuba ya wuce gefen riga, ko ka ga wasu ƙananan ɗige suna tafiya a gefen rubutu kamar tururuwa.

Cire ta ka sa wayar HDMI, mai kai ɗaya da ke ɗauke da hoto da sauti tare, in dai na'urar tana da ramin. Ba sai ka sayi mai tsada ba, HDMI ko dai tana aiki ko bata yi, mai tsada bata ƙara wa hoto kyau, kawai ka nemi mai ƙwari wadda kanta baya girgiɗi kuma kar ta yi tsawo fiye da buƙata. In tsohuwar DVD ce da bata da HDMI, duba ko tana da ramuka uku kore da shuɗi da ja, wannan ta fi rawaya nesa ba kusa ba, in tibinka yana da irinsu, don sababbin da yawa sun cire. Ƙaramin akwatin nan da ake sayarwa mai juya rawaya zuwa HDMI kuwa, har da rubutun 1080p a jikinsa, shi amfaninsa kawai ya baka damar haɗawa in tibin bashi da ramin rawaya, baya gyara komai, wani ma ƙara dusashe hoton yake. Ni shawarata in faifai ne da kai da yawa, gara ka nemi na'urar DVD mai HDMI, tana karanta VCD ma.

Mataki na uku: saitin dikoda ko na'urar faifai

Sa HDMI kaɗai bai isa ba, na sha ganin gidan da aka sa HDMI amma dikodar tana nan a kan 576i tun ranar da mai haɗawa ya tafi. Shiga saitinta wajen hoto, ka mayar da abin da take fitarwa 1080i ko 1080p, ka kuma gaya mata tibinka 16:9 ne, mai faɗi, ba 4:3 irin na da ba.

Ga na'urar DVD kuwa sai ka gwada biyu. Wani abu dole ya miƙa hoton, ko na'urar ko tibin, tambayar ita ce waye ya fi iyawa. Sa ta a 1080p ka kalli wuri ɗaya na minti ɗaya, inda akwai fuska da rubutu, sannan ka mayar da ita 576 ka sake kallon wurin. In tibinka mai kyau ne kuma na'urar 'yar araha ce, yawanci barin tibin ya yi aikin ya fi. In kuma tibin ne na araha wani lokaci na'urar ta fi. Idonka ne alƙali. A namu barin tibin ya yi ne ya fi kyau.

Mataki na huɗu: daina jan mutane su yi faɗi

Wannan shine ya fi ɓata wa Hajiya rai ba tare da ta san sunansa ba. Tsofaffin bidiyoyinmu, na biki, na suna, na wa'azi, finafinan Hausa na zamanin kaset da VCD, kusan duk 4:3 aka ɗauke su, kusan murabba'i. Sabon tibi 16:9 ne, mai faɗi. In aka bar shi ya cika fuskar da ƙarfi, sai ya ja hoton gefe da gefe da kashi ɗaya cikin uku, fuska ta baje, hula ta zama kamar faranti, kuma dusashewar ta ƙaru tunda ɗigon nan 'yan kaɗan aka sake shimfiɗa su.

Shiga saitin hoto ka nemi inda aka rubuta Picture Size ko Aspect Ratio, ka zaɓi 4:3 ko Original. Baƙin shafi zai fito dama da hagu. Nasan mutanenmu basa son wannan, za a ce an sayi babban tibi ana kallon rabi, ni ma Yaya sai da ya yi min wannan ƙorafin, na ce Yaya dan Allah ka yi haƙuri ka dubi fuskar Baba tukun. Da ya duba bai sake magana ba. Kar kuma ka zaɓi Zoom don ka kore baƙin, shi yanke kai da ƙafa yake yi kuma ya ƙara girman dabbaren. Hanyar gwaji mai sauƙi, nemi wani abu mai da'ira a bidiyon, tayar mota ko agogon bango ko faranti, in ya fito kamar ƙwai to ba a daidai kake ba.

Mataki na biyar: saitin hoton tibin, nan zaka zauna da rimot

Da farko tabbatar tibin baya kan yanayin shago. Akwai Store Mode da Home Mode, na shago an yi shi ne don tibin ya yi ta ƙyalli cikin fitilun kanti ya ja ido, wani har yana goge saitinka ya koma nasa bayan ɗan lokaci. Sa shi a na gida.

Sannan Picture Mode. Cire shi daga Vivid ko Dynamic, ka kai shi Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode in yana da shi, tibin da suka fito daga 2020 zuwa yanzu da yawa suna da shi. Minti goman farko zaka ga kamar hoton ya yi ja-ja ya rage haske, har ranka ya so komawa. Daure, ido ne ya saba da shuɗin haske. Bayan kwana ɗaya in ka koma Vivid da kanka zaka ga fatar mutane kamar an shafa musu janbaki. In falon da haske sosai da rana, ƙara Backlight, shine fitilar bayan gilashin, ba Contrast ba.

Sai Sharpness, kuma in abu ɗaya kawai zaka ɗauka daga duk bayanin nan to wannan ne. Hankali zai ce maka tunda hoto ya dusashe a ƙara kaifi, to akasin haka ne. Shi wannan saitin baya ƙaro komai daga asali, farin layi yake zanawa a gefen duk abin da ya gani don ya yi kamar ya fito, kuma bai san bambancin gefen hanci da gefen murabba'in nan na matsi ba, duka yake kaifafawa. Shi ke sa ka ga farin zobe ya zagaye kan mutum, ka ga wasu 'yan ɗige na yawo gefen rubutu kamar sauro, masu sana'ar ma sunan sauro suka sa wa abin. Tsayar da bidiyon a kan fuska, ka riƙa rage Sharpness a hankali har farin layin ya ɓace, sannan ka ɗan ƙara ɗaya ko biyu in ka ga ya yi laushi da yawa. A yawancin tibi kusa da sifili ne daidai, amma a wasu, irin Sony, tsakiya ne babu ƙari babu ragi, ƙasa da haka dusashewa yake ƙarawa, don haka da ido zaka bi ba da lamba ba.

Noise Reduction da MPEG Noise Reduction kuma su ne aka yi domin irin wannan ranar. A Samsung wasu Digital Clean View aka rubuta. In kana kallon abu mai kyau a kashe ake barinsu, amma ga VCD da tsohon kaset da bidiyon WhatsApp sa su a Low ko Medium, zasu tausasa murabba'an da yayyafin da ke cikin duhu. Kar ka kai High. Na gwada, fuskar Baba ta zama sumul kamar ta roba, duk layukan goshinsa da muka sani suka tafi, zanen hularsa ya narke. Gara ɗan yayyafi da wannan.

Sai abin santsin motsi, LG suna ce masa TruMotion, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity, Sony Motionflow. Bidiyonmu hoto 25 ne a daƙiƙa, shi sai ya riƙa ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani. In asalin mai kyau ne ma yana kuskure balle wanda dama a dabbare yake, sai ka ga hannun mai rawa ya rabu biyu ko gefen mayafi yana ɓarɓashi. Kashe shi. A ƙwallo in kana so ka bar shi ƙasa-ƙasa, wannan ra'ayi ne. Dynamic Contrast da duk wani abu mai alƙawarin ƙara kala suma kashe, Colour kuma bar shi a tsakiya ko ka ɗan rage, don kalar tsohon bidiyo dama tana zuba.

Abu ɗaya da ke rikita mutane, yawancin tibi kowane rami da nasa saitin. In ka gyara HDMI 1 bai shafi HDMI 2 ko filashi ba. Wannan alheri ne ma, ka yi wa ramin DVD saitin tsohon bidiyo, ka bar na dikoda da nasa.

Mataki na shida: ja kujera baya

Ba kuɗi, ba waya, kuma yana aiki fiye da yadda kake zato. Injiniyoyin talabijin sun daɗe da ƙa'idarsu, ƙaramin hoto irin na DVD ana kallonsa ne daga nisan da ya kai tsayin fuskar tibi sau shida, 1080p sau uku, 4K sau ɗaya da rabi. Tsohon inci 21 tsayin fuskarsa wajen santimita 30 ne, sau shida mita biyu bai cika ba, kaga duk inda ka zauna a falo ka wuce iyaka shi yasa bamu taɓa ganin aibu ba. Inci 55 kuwa sau shida ya kai mita 4. Falon Hajiya bai kai haka ba, kujerarta mita biyu ce daga bango. Muka mayar da ita can ƙarshen ɗakin, wajen mita uku da 'yan kai, bambancin a fili yake. In ɗakinka ƙarami ne kuma tibin yana da wajen rage girman hoto, ko kana kunnawa daga kwamfuta, rage shi ya tsaya a tsakiya, ba dole bane sai ya cika bango.

Bidiyon waya, WhatsApp da YouTube

Wannan ɓangaren ya fi bani haushi don shi asarar da hannunmu muke yi. Wayarka ta ɗauki bikin a 1080p ko ma 4K, ka tura a WhatsApp ya matse shi, wancan ya sauke ya ɗora a status aka sake matsewa, wani ya ɗauko daga can ya tura gaba, kafin ya iso filashin da za a sa a tibi ya koma ƙasa da DVD. Kowace matsa tana zubar da abin da baya dawowa.

To in bidiyo ne mai muhimmanci, nemi wanda ya ɗauka da wayarsa ka karɓa kai tsaye, ta waya zuwa kwamfuta, ta Xender, ko ta filashi. In nesa yake ya turo maka a WhatsApp amma a matsayin Document ba ta wajen hotuna ba, a haka baya taɓa shi, kuma yana ɗaukar har 2GB. Maɓallin HD da suka ƙaro a 2023 ya fi na da, amma har yanzu yana matsewa. Kuma in kana ɗaukar abin da kasan za a kalla a tibi, kwantar da wayar, kar ka ɗauka a tsaye, in ba haka ba siririn hoto zaka samu a tsakiya da baƙi dama da hagu.

YouTube kuma in netwok ya yi rauni da kansa yake sauka 360p ko 240p har 144p ba tare da ya tambaye ka ba. A waya baka lura, a inci 55 kuwa sai ka rasa gane fuskar malami. Danna alamar saiti ka zaɓi 720p ko 1080p da hannunka. Su da kansu sun ce 720p yana son gudun 2.5 Mbps, 1080p kuma 5, 4K wajen 20. A lissafi 720p zai ci maka kusan 1GB a awa, 1080p ninki biyu. Da tsadar data ta yanzu ni a 720p nake tsayawa, daga mita uku ya wadatar. Kuma ka buɗe a manhajar YouTube ta cikin tibin, ya fi haska fuskar waya zuwa tibi, don haskawar nan wata matsar ce daban.

Ceto faifan da kaset ɗin kansu

Faifai yana mutuwa, musamman irin waɗanda masu ɗaukar biki suka ƙona mana a shago. Ƙurar hunturu da karce da zafi suna cinsa, kaset kuma damshin damina ke sa masa fumfuna. Kar ka jira. Goge faifan da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Sa shi a kwamfuta mai wajen faifai. In VCD ne buɗe jakar MPEGAV zaka ga fayil irin AVSEQ01.DAT, kwafe shi ka canja ƙarshen sunan daga .DAT zuwa .mpg, shine bidiyon. In DVD ne kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗayanta. Manhajar kunna bidiyo ta VLC tana buɗe duka, kyauta ce. Wannan kwafin na asali kar ka taɓa shi kar ka goge, aje shi wuri biyu, ɗaya a wani gidan daban.

Don tibin ya karanta ta filashi, yi wani kwafin na MP4 da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce. Bar girman yadda yake, kar ka ce ya mayar da shi 1080p, ƙaton fayil kawai zaka samu ba ƙarin kyau, tibin zai miƙa da kansa. In DVD ne na kyamarar biki zaka iya ganin gefen abu mai motsi ya yi haƙora kamar mataji, saboda tsarin da rabi-rabi yake zana hoton, layukan mara sannan na cika, to kunna Deinterlace a wajen Filters zai haɗe su. Ingancin kuma kar ka yi rowa, gara fayil ya ɗan yi nauyi. In ya wuce 4GB filashi mai tsarin FAT32 ba zai karɓa ba, sai ka mayar da shi exFAT ko NTFS, ka gwada wanda tibinka ke gani.

Kaset na VHS kuwa sai da na'urar kaset mai lafiya da ɗan abin ɗaukowa mai shiga USB. In ka ga fari-fari kamar gari ta tagar kaset ɗin kar ka sa shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya kuma iya tsinkewa, kai wa wanda ya iya tsaftacewa. Jos ba baƙuwar wannan sana'a bace, garin da Hukumar Finafinai ta Najeriya take da hedikwata, garin da aka fara watsa talabijin mai kala a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970, nan kuma aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital ranar 30 ga Afrilu 2016, masu tace bidiyo da suka san aikin suna nan. Kawai ka ce musu a 720 da 576 kake so a ɗauko maka, a baka fayil ɗin farko kafin a matse, kuma a dawo maka da kaset ɗinka.

Nasan za a ce ai yanzu akwai manhajojin AI masu mayar da tsohon bidiyo sabo, irin su Topaz da waɗanda ke waya. Na gwada a kan walimar. Bango da tabarma da rubutun allo sun fito da kyau ban musa ba. Amma fuska, tunda babu bayanin a asali sai ya ƙirƙiro daga fuskokin da ya koya, idon da ya sa wa Baba ba nasa bane, haƙoran ma ba nasa bane. Ban ma nuna wa Hajiya ba na goge. In zaka yi amfani da shi yi a kan kwafi, ka sa ƙarfinsa ƙasa, ka kira wanda ya san mutumin ya duba kafin ka raba wa dangi.

In kuma baka riga ka sayi tibin ba, kar hoton tsuntsaye da furannin da ake nunawa a shago ya ruɗe ka, wannan an yi shi ne musamman a 4K. Tafi da filashinka mai irin abin da kuke kallo a gida, ka ce dan Allah Alhaji a sa min wannan in gani a biyu ko uku, don wajen miƙa ƙaramin hoto ne tibi mai kyau ke bambanta da na araha, ko da duka an rubuta musu 4K. Auna falon ma kafin ka fita. In nisan kujera mita biyu ne kuma yawancin kallonku tashoshin da ba HD ba ne da tsofaffin faifai, inci 43 zai fi muku daɗin kallo a kan 65.

Na Hajiya dai yanzu walimar tana cikin filashi a bayan tibin, a 4:3, Sharpness a ƙasa, Noise Reduction a Low, santsin motsi a kashe, kujerarta a ƙarshen ɗaki. Na liƙa farar takarda a kan maɓallin da zata danna a rimot, ranar Juma'a bayan la'asar da kanta take kunnawa.